Ranar Yankan Albasa

Shafi na 19

Masu bi na har akwatin saƙo suna tambayar ko lafiya, ina nan da raina, jarrabawa ce ta riƙe min wuya. Ke kuma da kika rantse in aka taɓa Kaka za ki daina karatu, ki sha ruwa ki gyara zama.

*

Akwatin na fara gani kafin in ga mai shi.

Yana tsaye a tsakiyar falo, baƙi, sabo fil, ko ledar hannunsa ba a ɓare ba. Ni kuma na shigo ke nan da haki, jaka a kafaɗa, ledar albasa a hannu, don yau ce ranar da Farfesa ta ce za ta zo gidan da ƙafarta.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu, ni ɗaliba ce da shirin musayar ɗalibai ya jefo wannan ƙaramin garin jami'a, ina karanta ilimin al'adun ɗan Adam. Makaranta ta sama min ɗaki a gidan wata tsohuwar malamar firamare, ita kaɗai a gidan bene. Ina ce mata Kaka, ita kuma tana ce min Me-ya-sa, wai ko gaisuwa ba na ƙarasawa sai na jefa tambaya. Da Farfesa ta ce kowa ya zaɓi gida ɗaya ya nazarci al'adunsa, ban wahalar da takalmina ba, na zaɓi inda nake kwana.

Mai akwatin tana zaune a kujerar bakin taga, ƙafa ɗaya kan ɗaya, makullin mota a hannu. Ko ba a faɗa min ba na gane ta, don hotonta na rataye a matakala. 'Yar Kaka ce ɗaya tilo, lauya a babban birni, wadda wayarta ba ta wuce "Kin sha magani? To sai an jima."

Kaka kuwa tana gefe, ta haɗa hannuwa a cinya, shiru. Wannan kaɗai ya isa ya sa in yi hankali, amma ina, ɗoki ya rufe min ido.

"Anti, sannu da zuwa! Ya hanya? Kai, kin zo a daidai, yau ranar albasa ce!"

Ta ɗago a hankali.

"Ranar me?"

"Ranar yankan albasa mana. Ta gidan nan."

Kaka ta yi tari.

Anti ta saki wani murmushi mai laushi, irin wanda daga baya na gane shi take yi wa mai ba da shaida kafin ta kwance masa zani a kotu.

"Zauna, ƙanwata. Ke ce mai binciken ko? Ba ni labari. Na daɗe da barin gida, wasu abubuwan sun shige min."

Jama'a, na zauna. Har da gyara murya.

"Ai ita ce mafi girma a al'adun gidanku. Duk ranar da zuciyar wata mace a gidan ta yi nauyi, sai a fito da albasa, a zauna a kicin ana yanka. Wadda hawayenta ya zubo ba a tambayarta dalili. Ba a kallonta ma."

"Ikon Allah. Sai kuma me?"

Kaka ta sake tari, wannan karon har da zaro min ido. Na tashi da sauri na kawo mata ruwa, na ce sanyin garin nan ne, na koma na ci gaba da haƙa mata rami da bakina.

"Sai ta cin abinci. Ba a barin mutum ya ci shi kaɗai, faranti ɗaya ake haɗawa. Sai ta bakin ƙofa, in mutum zai fita jarrabawa, babbar macen gida ta gyara masa wuyan riga ko da a gyare yake, ta sa masa alawa a aljihu. Sai ta taje kai, duk ƙarshen mako babba ta zaunar da ƙarama a gabanta ta shafa mata mai ta taje mata."

"Duk Mama ce ta faɗa miki?"

"Ba faɗa kawai ba, Anti, yi muke yi! Na rubuta aikina kacokan a kansu. Farfesa ma tana hanya, ta ce sai ta ga ta albasar da idonta."

Murmushin ya ɗauke daga fuskarta kamar an kashe fitila.

"A gidan nan aka haife ni," ta ce. "A ɗakin da kike kwana na girma. Ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin abin da kika lissafa ba."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, na ɗauka zolaya ce.

"Faranti ɗaya?" ta ci gaba. "A tsaye nake cin abincina a gaban firij, ita tana can tana duba littattafan 'yan aji. Kaina kuwa a shago ake gyara min tun ina 'yar mitsitsiya."

Ta juya wajen uwarta, muryarta ta sauka.

"Mama, wa ya koya miki ta albasar?"

"Kakata," in ji Kaka, idonta a ƙasa.

"Kakarki da ta rasu tun ba a haife ki ba? Ke da bakinki kika faɗa min."

Kaka ta gyara zama.

"To... ko gwaggona ce. Na manta."

Tun da na zo gidan nan ban taɓa jin kalmar nan a bakin Kaka ba. Matar da za ta hango mai sanƙo da furfura a titi ta kira shi, ta tuna masa layin da yake zama a aji da ranar da ya jiƙa wando. Ita ce yau take cewa ta manta?

Anti ta rufe ido na ɗan lokaci. Da ta buɗe, sun yi ja.

"Mai kantin kayan miya ne ya kira ni," ta ce da ni. "Ya ce Mama tana sayen albasa kamar mai gidan abinci, in ya tambaya ta ce ta kakanni ce. Na buɗe firiza ɗazu, babu komai a ciki sai yankakkiyar albasa. Na yi magana da likita. Ya ce in tsoho ya fara tuna abin da bai taɓa faruwa ba, to kada a bar shi shi kaɗai a gidan bene."

"Ai ba ita kaɗai ba ce, ina nan!"

"Ke baƙuwa ce. Zangonki na ƙarewa za ki hau jirgi." Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi. "Na sama mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi, kusa da ni. Zuwa yammacin yau za su riƙe mana shi. Na zo ina fatan mai kanti ne ya ƙara gishiri. Ke kika tabbatar min."

Na kalli Kaka ina jiran ta tashi da bala'i. Sau nawa ta ce min, ranar da za a fitar da ita daga gidan nan a tabbata a kwance take an rufe mata fuska? Kwat ɗin marigayi mijinta na nan rataye a bayan ƙofa, tana kakkaɓe shi kowace safiya. Tagar nan ita ce duniyarta, daga nan take yi wa ɗalibai masu wucewa a kan keke faɗan rashin sa hula.

Sai kawai ta dafa gwiwa ta miƙe.

"To. Bari in haɗa kayana. Me-ya-sa, ɗauko min akwatin."

*

Na ɗauki akwatin na bi ta sama.

Ta buɗe shi a kan gado. Ta sa rigunan sanyi, ta sa tabarau na karatu, ta sa silifas. Ni ina tsaye kamar an dasa ni, ina jin haushin bakina.

Ta ɗauko babban matajin nan mai faffaɗan haƙora da kwalbar man gashi. Har ta sa a akwatin, sai ta fasa, ta miƙo min.

"Riƙe. Can ba mai gashin da zan taje. Ki riƙa farawa daga ƙasa kina hawa sama, kamar yadda kakarki take yi miki, in ba haka ba zai karye."

Na karɓa. Sai hannuna ya tsaya a iska.

Kakata. Ta gida, wadda ta rasu ina aji biyu a jami'a. A ina Kaka ta san yadda take taje min kai?

A bakina. Ni na faɗa mata.

Tun ranar da na fara yi mata tambayoyi ta kafa min sharaɗi, ta ce ita ba ta ba da labari kyauta, in ba ta ɗaya ta ba ni ɗaya. In na tambaye ta abu guda, ita ma ta tambaye ni guda a kan gidanmu. Na ba ta labarin tiren da muke kewayewa ni da 'yan uwana. Na ba ta na Ummata da ba ta barin in fita sai ta taɓa mayafina. Na ba ta na Kakata da matajinta. Ba a daɗewa kuma sai Kaka ta dafa goshi ta ce, af, ta tuna wata tsohuwar al'adar gidan nan.

Ni kuma, babbar mai bincike, sai in yi ta mamakin yadda al'adun mutanen da teku ya raba suke kama da juna. A kan haka na gina aikina gaba ɗaya. Har tafi aka yi min a aji.

"Kaka."

Ta ci gaba da ninke riga.

"Kaka, kalle ni. Ke kika ƙirƙire su."

"Wace ce ke, yarinya?" ta ce da wata 'yar siririyar murya tana kallon silin.

"Kada ki yi min haka. Wallahi ko wasan 'yan firamare ya fi wannan."

Ta ajiye rigar. Ta taka ta tura ƙofa, ta jingina da ita. Da ta juyo, idanun nan da na sani sun dawo, masu kaifi, masu gano wanda bai yi aikin gida ba tun daga bakin ƙofa.

"Rage murya, sarkin surutu. Tari nawa na yi miki? Sai kika kawo min ruwa."

"Me ya sa?"

"Ga ta nan, ta fara."

"Kaka, ba wasa nake ba! Me ya sa?"

Ta zauna a bakin gado, ta buga katifa alamar in zauna. Na ƙi.

"Kin zo gidan nan kamar kazar da ruwa ya doka," ta ce. "In na ce zo mu ci, ki ce kin ƙoshi. In na ce me ke damunki, ki ce ba komai. Kina ta ramewa a gabana, wuyanki kamar na kwalba. Na rasa ta inda zan kama ki. Sai na lura da abu ɗaya. In aka ce miki don Allah zo, ba kya zuwa. In aka ce miki al'ada ce, sai ki taso a guje har da biro."

Na so in yi dariya, na so in yi ihu, na so in jefa matajin ta taga. Ban taɓa jin haushin mutum da ƙaunarsa sun cakuɗe min a ƙirji haka ba.

"Guda ɗaya na yi niyya," ta ce. "Ta cin abincin. Sai na ga ta yi aiki, kumatu sun fara dawowa. Kin san ni da abin da ya yi aiki. Ban san za ki kwasa ki kai wa Farfesarki ba sai da kika riga kika kai. Daga nan kuma na rasa bakin faɗa."

"To ki sauka ki faɗa wa Anti! Ki ce mata lafiyarki ƙalau, ƙarya ce kawai kika shirga!"

"A'a."

"Kaka!"

"Na ce a'a. Zauna ki ji lissafi, ni ma na yi aikin makaranta, na san yadda kansu yake aiki. In aka ce da gangan na ƙirƙira, ke kin zama ɗalibar da ba ta iya bincike ba, ko ma a ce baki muka haɗa. Su soke aikin, ki koma wa Ummarki hannu rabbana. In kuwa kaina ne ya taɓu, laifin wa? Ba mai hukunta yarinya don tsohuwa ta rikice. Haƙuri za su ba ki, su ƙara miki lokaci."

"Sai ki bar gidanki?"

"Ni na ɓata, ni zan gyara."

"Da kwat ɗin? Da tagar?"

Ta kawar da kai.

"Can ma an ce akwai taga."

A nan hawayena ya ɓalle, ba albasa ba komai. Na ajiye matajin a kan gado, na buɗe ƙofa.

"Me-ya-sa! Dawo nan! Kika buɗe baki ba ni ba ke!"

Ban waiwaya ba. Ina jin takunta a bayana, tana sauko da matakala da saurin da ban san tana da shi ba.

*

Anti tana kicin tana waya. Tana ganina ta ce wa na cikin wayar za ta sake kira.

"Anti, Kaka ba ta rikice ba. Ƙirƙira ta yi, da gangan, saboda ni."

Na kwashe komai na faɗa mata, ina yi ina share hanci. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta girgiza kai.

"Kina sonta, na gani, kuma na gode. Amma a aikina na ga mutane da yawa suna ɗaukar laifi don su kare nasu. Dube ta."

Na juya. Kaka ta shigo ta zauna a kan kujera, ta saki baki, ta ƙura wa bango ido. Har wani ɗan kaɗa kai take yi. Tsohuwar nan, da fim ta shiga da ta yi kuɗi.

"Mama, kin ji abin da ta ce?"

"An tashi 'yan aji?" in ji Kaka.

Anti ta kalle ni, kallon kin gani ko.

Na share fuska. Na zauna da matar nan wata da watanni, ko ba komai na san abu ɗaya da ba ta iya haɗiyewa. A bar Kaka da yunwa za ta yi shiru, a taka mata ƙafa za ta yafe. Amma a faɗi amsar da ba daidai ba a gabanta?

"Bari in ba ki dalla-dalla, Anti," na ce. "Ta gyaran wuyan riga, daga labarin Babana ta samo. Shi ne kullum yake gyara min mayafi a bakin ƙofa."

Kaɗa kan Kaka ya tsaya.

"Alawar kuma maƙwabciyarmu ce take ba ni."

Yatsunta suka fara motsi a kan cinya.

"Ranar albasa ta farko kuwa, ina ɗaki ina kuka ne saboda saurayina ya rabu da ni, sai ta..."

"Wane saurayin?"

Muryar ta cika kicin ɗin har cokula suka amsa.

"Wa ya ba ki saurayi, ke da ko mai gyaran keke ya gaishe ki sai ki yi tuntuɓe? Yayarki ce ta haihu, aka nuna miki jaririn a waya, kika shige ɗaki kika cusa kai a filo! Kuma Ummarki ce mai gyara mayafi, Babanki shi ne mai alawa, ta na'ana'a, a aljihun hagu! Abu kaɗan ba za ki iya riƙewa daidai ba, kuma wai ke ce mai binci..."

Ta toshe bakinta da hannu biyu.



"Munafuka," ta ce da ni ta tsakanin yatsu.

"A wurinki na koya."

Na juya wajen Anti ina jiran ta yi dariya, ko ta yi faɗa, ko ta ce alhamdulillahi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta jawo kujera ta zauna a hankali, ta ajiye makullin motar a kan tebur.

"Aljihun hagu," ta maimaita. "Har aljihun kin riƙe."

"'Yata..."

"Kin ji tana kuka ta bayan ƙofa, sai kika ƙirƙiro mata al'ada sukutum don ta samu inda za ta yi shi."

Kaka ta sauke hannuwanta.

"Shekarar da Baba ya rasu," in ji Anti, muryarta na karyewa, "kullum in na dawo makaranta banɗakin sama nake shiga in kunna famfo, don kada ki ji. Kullum, Mama. Ni ina tawa ranar albasar?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na fara ja da baya zan ba su wuri, Kaka ta riƙo gefen rigata ba tare da ta kalle ni ba.

"Ina ji," ta ce.

Anti ta ɗago.

"Ina jin famfon. Ina hawowa in tsaya a bakin ƙofar, hannuna a sama zan ƙwanƙwasa. In rasa me zan ce miki in kin buɗe. Sai in sauko in ci gaba da duba littattafai, in ce gobe. Na iya da 'ya'yan mutane aji guda, ban iya da tawa guda ɗaya ba. Kin girma, kin tafi, ni ban daina tunanin abin da ya kamata in yi a bakin ƙofar nan ba. Sai da na tsufa na samo amsar, ga shi ba ke a gidan. Ranar da na ji yarinyar nan tana kuka a ɗakinki, na ce wallahi ba zan sake saukowa ba."



Can Kaka ta miƙe. Ta jawo katakon yanka, ta zazzage ledar albasar da na shigo da ita a kan tebur, ta buɗe durowa ta fito da wuƙaƙe. Kullum biyu take fitowa da su. Yau uku ta fito da su.

Ta ajiye ɗaya a gaban 'yarta.

"Ba a tambaya," ta ce. "Ba a kallo. Dokar ke nan."

Anti ta daɗe tana kallon wuƙar. Sannan ta cire agogonta, ta naɗe hannun rigarta mai tsada, ta jawo albasa mafi girma.

Ba ta iya ba ko kaɗan, wani gunduma-gunduma take yi kamar mai faskare. Na ga bakin Kaka yana motsi zai gyara mata, na taka mata ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Muka yi ta yanka mu uku, ba mai cewa uffan. Kafaɗun Anti suka fara rawa, sannan kukan ya fito da sauti, irin wanda ya daɗe a ajiye. Ban kalle ta ba. Kaka ma ba ta kalle ta ba, sai dai ta matsa da kujerarta har kafaɗarsu ta haɗu.

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.

Na manta da Farfesa shaf.

*

Ta shigo da hular keke a hannu, doguwa, gashinta fari tas, 'yar rikodarta a rataye a wuya. Matar da ta yi rabin rayuwarta tana zama cikin mutane a ƙasashe daban-daban, wadda ta tsaya min har aka ba ni gurbin nan. Tana ganinmu jage-jage da hawaye fuskarta ta haskaka.

"Har kun fara! Kada ku tashi, don Allah, ku yi kamar ba na nan."

Ta matsa za ta zauna, sai ta hango rigunan sanyin da Kaka ta sauko da su a hannu ta yar a kan kujera, da ledar sabon akwati a ƙasa.

"Wani zai yi tafiya ne?"

Wuƙar Kaka ta tsaya. Tawa ma ta tsaya.

Anti ta share ido da bayan hannu, ta ja hanci.

"Ba mai tafiya," ta ce. "Ni ce na zo kwana biyu."

Na ji Kaka ta saki wani dogon numfashi. Ta ƙarƙashin tebur ta lalubo hannuna ta matse, har ƙashina ya yi ƙara.

"Madalla," in ji Farfesa, ta danna rikoda. "Ke ce 'yar gidan ko? Na yi sa'a. Ɗalibata ta ji daga bakin mahaifiyarki, ni kuma ina so in ji daga naki. Tun yaushe kika san wannan al'ada a gidanku?"

Kaka ta buɗe baki za ta tare, Anti ta riga ta.

"Ni dai yau aka fara da ni."

Farfesa ta ɗan karkata kai. Ta kalli Anti, ta kalli Kaka, sannan idonta ya sauka a kaina ya zauna.

Da zan iya cewa wasa Anti take yi. Kaka tana ta matsa hannuna, ma'ana ki yi shiru, zan san abin da zan ce. Na zare hannuna.

"Ƙirƙira ce, Farfesa. Ba ta albasar kaɗai ba. Duka."

Ƙit. Ta kashe rikodar.

Ta miƙe, ta ɗauki hularta, ta yi wa su Kaka sallama cikin ladabi kamar ba abin da ya faru.

"Ajiye wuƙar," ta ce da ni. "Ki same ni a waje."

Na wanke hannu. Na kai bakin ƙofa ke nan na ji an riƙo ni ta baya.

Kaka ce. Ta juyo da ni, ta kama wuyan rigata da babu abin da ya same shi, ta gyara, ta sake gyarawa, hannunta na warin albasa. Sannan na ji ta zura wani abu a aljihuna na hagu.

"Kaka, ai an gama wannan wasan."

"Wannan ba tawa ba ce," ta ce. "Ta Ummarki ce da Babanki. Je ki."

Na buɗe ƙofa.

Farfesa tana tsaye a jikin kekenta, ta harɗe hannuwa. Ba ta jira na ƙaraso ba.

"Tun yaushe kika sani?"